Filin Labaran a Intanet

Duk wanda ya yi mako guda a Birnin Gwari ya san Labaran Injiniya, in bai ga fuskarsa ba to ya ji muryarsa. Injiniyancin nan kuwa ba a makaranta ya samo shi ba. Shekarar da aka zo kafa ƙarfen sabis a tudun bayan tasha, shi ya riƙe wa ma'aikatan tsani na kwana biyu. Tun daga ranar ya ce duk wayar da ta yi ƙara a garin nan da sa hannunsa a ciki. Ni tela ne, shagona yana kallon bencin da yake zama, don haka na shekara goma ina taka keke ina haɗiyar ƙaryarsa. Ya ishe ni ƙwarai, amma ranar da bai fito ba sai in ji layin namu ya yi shiru da yawa.

Labaran yana da taubashiya, Hajiya Bara'atu mai zuma. Mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito, shi ya sa ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Shekara goma sha biyar tana karɓar zuma wurin masu amya na Kakangi da Randagi, ta tace ta ɗura a kwalba. Ta yi wa sunan Zumar Bara'atu rajista har Abuja, da tambarinta na amya rataye a bishiyar ɗorawa, sannan ta buɗe shafin intanet, zumarbaraatu.com. Wani babban kanti a Abuja ya fara karɓar kayanta duk wata. Magidanta kusan arba'in ne ke shiga daji su hau bishiya saboda wannan ciniki, a zamanin da mai shiga dajin nan sai ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya fita.

Abin ya tsaya wa Labaran a wuya.

"Bara'atu da ko rediyo ba ta iya kamo tasha ba," in ji shi, "ita ce da shago a cikin ƙarfen da ni na kafa?"

Ya tafi wurin Ephraim mai shagon kwamfuta ya tambayi yadda ake mallakar suna a intanet. Ephraim, don ya sauƙaƙa masa, ya ce abin kamar fili ne, in ba kowa a wurin sai ka saya ka gina naka. Da ya san abin da misalin nan zai haifa da ya kama bakinsa. Labaran bai bar shagon ba sai da ya sa aka saya masa sunaye uku: zumarbaraatuu.com, da zumar-baraatu.com, da zumarbaraatuasali.com. Ephraim ya ce masa wannan neman rigima ne. Labaran ya ce shi yana riƙe da tsanin intanet tun Ephraim yana tallan rake.

Ya dawo benci yana shafa gemu. "Na kewaye ta gabas da yamma da kudu. Arewa kawai na bar mata hanyar wucewa, saboda zumunci."

Na ce, "To ina zumar da za ka sayar? Kai da ko zanzaro ya shigo shagona sai ka riga shi fita."

"Tela, shi ya sa za ka mutu kana ɗinka wando. Kimiyya ta wuce hawan bishiya."

Kimiyyar ita ce rabin duro a bayan gidansa, da sukari, da mazarƙwaila, da ɗan ruwan tsamiya don kala. Ya kwafi tambarin Bara'atu tsaf, sai dai ya ƙara zanen ƙudan zuma ɗaya sanye da hula, wai don kowa ya san kamfanin maza ne. A shafukan nasa kuwa ya sa lambar asusunsa ta karɓar kuɗi, a wurin kai ƙorafi ya bar lambar wayar Bara'atu.

Mako uku ba su cika ba wayar Bara'atu ta fara zafi. Wata mata daga Abuja ta ce ta tsoma cokali ya ƙi fita, mijinta ya ja da ƙarfi ya faɗi da kwalbar a hannu. Wani malami daga Kano ya ce tururuwan unguwarsu gaba ɗaya sun tare a ɗakinsa. Wani daga Jos ya ce tasa ta daskare, yanzu da ita yake tokare ƙofa, yana tambaya ko akwai babba ta get. Ana cikin haka sai saƙon kantin Abuja ya zo. Sun ce ƙorafi ya yi yawa a kan sunanta, in ba ta kawo hujja zuwa Juma'a cewa gurɓatacciyar zumar ba tata ba ce, za su sauke kayanta daga kanta su rufe ciniki.

Ranar Litinin sai ga ta a gaban bencin, tare da Barista Anita, lauyar da ta yi mata rajistar sunan, ɗiyar wani tsohon hedimasta ce a garin nan. Bara'atu ta dangwarar da kwalba mai hula a cinyar Labaran.

"Kai bawana, mece ce wannan?"

"Zumar Bara'atu ce, baiwar gidanmu. Ba ki iya karatu ba ne?"

"Ni ce Bara'atu."

"Ke kaɗai? A Kusasu kawai na san Bara'atu huɗu. Kakata ma Bara'atu sunanta."

"Kakarka kakata ce, kuma Mairama sunanta."

"A gida. A wajen biki Bara'atu ake ce mata."

Barista Anita ta miƙa masa takarda. Ta ce, "Malam Labaran, sunan nan da tambarin nan an yi musu rajista. Ka rufe shafukan nan uku ka miƙa su ga Hajiya, in ba haka ba sai kotu."

Labaran ya juya takardar gaba da baya ya yi fifita da ita. "'Yata, ke kin karanta doka, ni na kafa wurin. Wannan rikicin fili ne, kuma rikicin fili a garin nan wurin mai unguwa ake kai shi. Ni ma ƙara zan kai. Masu sayen kayana suna ɓata hanya su faɗa gonarta, an shigar mini iyaka."

Ya kuwa kai ƙarar. Mai unguwa Ɗalha dattijo ne da ya shekara talatin yana raba gonaki da kangaye, kuma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa: ba ya yanke hukunci a kan filin da bai taka da ƙafarsa ba. Barista Anita ta yi bayani har muryarta ta dushe cewa wurin ba a ƙasa yake ba. Mai unguwa ya ce ko a sama yake ai yana da maƙwabta, a je a gani.

Talata da hantsi aka ɗunguma zuwa tudun bayan tasha. Mai unguwa a gaba da sandarsa, Labaran na gefe yana nuni, bayansu 'yan acaɓa da masu rake da duk wanda ba shi da aikin yi. Ni ma na rufe shago, ban ji kunyar faɗa ba. Muna isa muka tarar Labaran ya riga ya kafa turaku huɗu a gindin ƙarfen sabis, ya zagaye su da igiya, har ya dasa ɗan zogale a tsakiya.

"Ranka ya daɗe, ga filina. Daga turken nan ya miƙe sama har wancan farantin na uku."

Mai unguwa ya ɗaga kai har rawaninsa ya zame. "Na Hajiya fa?"

"Farantin biyu. Ka ga ni ne a sama, ruwana ne ma ke gangara mata."

"Wa ya sare dajin?"

"Ni, ranka ya daɗe. Da na je wurin ba kowa, sai ciyawa."

"Wa ya sayar maka?"

"Wani Bature ne a Amurka."

"Ya zo da shaidu?"

"Ba ya fita, yana da ciwon ƙafa."

Mai unguwa ya ce a nuna masa cikin gonar. Labaran ya ciro waya ya latsa, sai wani ɗan zobe ya kama juyawa a fuskarta. Muka tsaya a rana muna kallon zobe yana juyawa, a gindin ƙarfen sabis ɗin kansa. Labaran ya ce ƙofa ce ta cije, ya kama ƙarfen zai hau ya buɗe ta daga ciki. Bai kai taki biyar ba maigadin wurin ya fito daga bayan janareta da gora. Injiniya ya diro, babbar rigarsa ta maƙale ta tsage daga kafaɗa har ƙugu, ya faɗa kan zogalen ya karya shi. Wata akuya ta zo ta cinye sauran.

Mai unguwa ya gyara rawani ya ce, "Na ga iyaka, ban ga amfanin gona ba. Alhamis kowa ya zo ƙofar gidana da abin da gonarsa ke fitarwa, da shaidunsa."

Alhamis kuwa ita ce jajiberin wa'adin kantin Abuja. Na ga Bara'atu ta juya ta kama hanyar gida, ita da ba ta barin Labaran ya yi maganar ƙarshe. A nan na fara jin haushinsa na gaske.

Da yamma ya shigo shagona, ba don gyaran rigar da ta tsage ba. Rigar lauya yake so, baƙa, mai faɗi fiye da ta Barista Anita. Na ɗinka masa da yadin labule, don dai in ga inda abin zai tsaya. Ya ce saura farar hular nan mai kama da gashin tunkiya. Na ce ban taɓa ɗinka ta ba. Ya kwashe audugar filo biyu ya tafi, ya ce shi zai haɗa, yana da gam mai kyau a gida. Sai daga baya na gane gam ɗin daga rabin duron nan ya ɗebo shi.

Laraba ya hau acaɓa har Kakangi wurin Nababa, babban mai amya, wanda ke haɗa wa Bara'atu zumar yankin. Ya ce yana son amya guda da mutanenta a ciki, zai kai su ba da shaida. Nababa ya girgiza kai.

"Injiniya, ƙudan nan na dajin Kakangi ne, ba su san wasa ba. Mu kanmu sai da hayaƙi muke tunkarar su."

"Hayaƙi na ƙauyawa ne. Ni da siginal nake sarrafa su."

Nababa ya ce ba zai bayar ba. Labaran ya zagaya ya samu wani maƙwabcinsa da bai san dawan garin ba, ya karɓi amya, aka toshe bakinta da tsumma, aka ɗaura masa a bayan babur. Nababa ya biyo shi gari washegari da guntun buhu da ashana a aljihu, don ya san za a neme su.

Alhamis da safe ƙofar gidan mai unguwa ta cika har kan katanga. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Bara'atu ta ajiye kwalbarta, Barista Anita ta ajiye takardun rajista ta kuma jingina wayarta a kan kujera tana ɗaukar bidiyo. Can sai ga Labaran cikin baƙin labule, audugar filo manne a kansa tana ƙyalli da danƙo, ƙudaje na bin sa, yana rungume da wani abu lulluɓe da bargo.

Mai unguwa ya fara da Bara'atu. Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san fili a sama ba. Suna na sani. Shekara goma sha biyar ban taɓa zuba ko ɗigon ruwa a kwalbata ba. Mutanen da ke hawa bishiya su kawo mini, akwai biyu da suka shiga dajin nan bara ba su dawo ba, iyalansu da wannan sunan suke cin abinci. In kantin nan ya rufe gobe, ban san abin da zan gaya musu ba. Da bare ne ya yi mini da sauƙi. Ɗan gwaggona ne."

Ni dai na sunkuyar da kai, don idona ya kawo ruwa. Na ɗauka ko Labaran zai ji kunya, ashe gyaran murya yake yi.

"Ranka ya daɗe, kuka ba hujja ba ne. Ga kwalbata ga tata. Kala ɗaya, suna ɗaya, tambari ɗaya in ban da hula. Abin da ya yi kama da abu ai shi ne abin. In ana musu, na zo da masu sana'ar da kansu. Zan buɗe kwalabe biyu, wadda suka sauka a kanta ita ce ta gaskiya."

Ya yaye bargon. Nababa ya yi tsalle ya ce, "Kada ka cire tsumman nan!"

"A rubuta, shaidan wancan ɓangare yana tsorata shaiduna," in ji Labaran, ya fizge tsumman.

Shaidun sun kwana a toshe, sun sha girgizar hanyar Kakangi, ba su fito da niyyar sulhu ba. Ba su kalli kwalba ko ɗaya ba. Suka miƙe kai tsaye zuwa audugar da ke kan Labaran, wadda ke jiƙe da sukari tun jiya. Cikin ƙiftawar ido farar hula ta koma baƙa tana ƙugi.

Taro ya watse. Mai unguwa, da muke cewa gwiwa ta hana shi ruku'u, shi ya fara shiga zaure ya turo ƙofa. 'Yan acaɓa suka bar baburansu a kunne. Ni na samu kaina a cikin wani duron ruwa, har yau ban san yadda na shiga ba. Labaran kuwa ya yi ta zagaya darbejiya yana ƙoƙarin cire hular, gam ɗinsa ya ƙi saki. Ya ɗaga waya sama yana ihu, "Siginal! Siginal!" Labulen ya harɗe masa ƙafa ya kife.

Nababa ne ya kunna guntun buhunsa ya turnuƙe shi da hayaƙi, ya kama audugar da hannu biyu ya fizge ta tare da rabin gashin kan Injiniya, ya wurga cikin amya. Ƙudan suka bi abinsu, ya toshe.

Da mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar da wani mutum zaune a tabarma cikin baƙin labule. Idanunsa sun shige ciki, leɓensa na sama ya kai hanci, kunnuwansa sun yi kamar masa. Yana nishi yana kiran sunan Allah.

Mai unguwa ya leƙo daga zaure ya ce, "A shafa masa zuma, ita ce maganin harbi."

Haka muke yi tun kakanni, kowa ya sani. Nababa ya miƙa hannu ya ɗauko kwalbar da ta fi kusa, mai ƙudan zuma da hula, ya lakato zai shafa masa. Labaran ya hango hular ta ɗan tsagin idon da ya rage masa, ya ja da baya da gindi.

"Kai, kai, kai! Kashe ni za ka yi? Wannan sukari ne da mazarƙwaila, ni na dafa abina a duro! Kawo ta Bara'atu, ta gaskiyar!"

Barista Anita ta taka a hankali ta ɗauki wayarta daga kan kujera, inda take jingine tun farko ba ta motsa ba. Ta duba, ta ce, "Baba mai unguwa, ya fito sarai, har da muryar."

Sai a lokacin dariya ta ɓarke, har da masu kumburin goshi. Mai unguwa ya fito ya zauna ya ce ya taka iyaka ranar Talata, yau kuma ya ga amfanin gona, mai gonar ma ya faɗa da bakinsa. Filaye ukun nan na sama a miƙa wa Hajiya yanzu a gaban jama'a, duron kuma a kifar da shi. Barista Anita ta tura wa kantin Abuja bidiyon nan take. Kafin a kira azahar amsa ta dawo, kantin ya ce a turo kayan wata kamar kullum. Nababa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa, ya daɗe bai ɗago ba.

Aka kira Ephraim ya zo ya juya sunayen. Ya ce sai an buɗe wayar Labaran, domin ta cikinta za a tabbatar. Wayar kuwa irin mai buɗewa da fuska ce, Labaran ya sha yi mana burga da ita, lambar sirrin ma ya ce ya mance tun da fuskarsa ta wadatar. Ya ɗaga ta ya kalla. Ta ƙi. Ya juya gefe, ta ƙi. Ya ɗage fatar idonsa da yatsa biyu ya yi mata murmushi, ta yi ɗan kaɗawa ta ƙi.

"Ni ne fa," ya ce mata a hankali. "Labaran ne. Injiniya."

Bara'atu ta durƙusa gabansa da kwalbarta a buɗe. Ta lakato zuma ta shafa masa a goshi da kunnuwa, ba da ƙarfi ba, ko da yake na ga hannunta ya so. Ta karɓi wayar ta dubi fuskarta, ta dube shi.

"Kada ka ga laifinta, bawana. Ka yi kama da shi ƙwarai, amma ba shi ba ne."

Mai unguwa ya ce tunda haka ne, kullum ya je ya yi wa Hajiya aiki, ba inda za shi sai wayar ta shaida shi. Kwana uku Labaran ya yi yana zuwa ƙofar gidan Bara'atu tun safe, yana zaune a benci yana wanke mata kwalabe, duk bayan sa'a guda ya ɗaga waya ya gwada. Masu amya na Kakangi da suka kawo zuma suna wucewa ta gabansa da jarkoki, kowanne sai ya tsaya ya gaishe shi ya tambaye shi ko shi baƙo ne a garin. A rana ta uku da la'asar wayar ta buɗe, Ephraim ya juya sunayen, Bara'atu ta ba shi ƙaramar kwalba ɗaya ya tafi da ita gida saboda kunnen hagu bai gama saɓewa ba.